Fayil Na Sha Ɗaya

Ranar Talata bayan azahar, a Gadarif,
mu bakwai muka kewaye tebur guda.
Fanka na juyi kamar mai jin nauyin kanta,
jabana ta huce, ba wanda ya kurɓa.
Dakta Awad ya kwance zaren fayil, ya ce:
ba wanda za a ɗaure muka zo nema ba,
wannan na alƙali ne, ya riga ya yi nasa.
Ƙofofi muka zo ƙirgawa,
nawa ta ƙwanƙwasa, nawa aka buɗe mata.

Sunanta Tasalla, shekara ashirin da tara.
Kisra take sayarwa a tashar raksha.
'Ya'ya uku, autan ko yaye bai kai ba.
Ta rasu a kakar riɗi,
daren da aka biya 'yan ƙwadago kuɗin yanka.

Sajan Mirgani ya buɗe littafinsa.
Sau biyu ta zo. Na farko an tura ta asibiti.
Na biyu kawunta ya biyo sahu, carbi a hannu,
ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.
Aka yafe, aka sa hannu, aka sha shayi.

Malama Ikilas ta zaro zanen babbar 'yar:
gida, akuya, darbejiya,
da wata mace da ba a yi wa baki ba.
Ta ce: tara bisa goma na ba ta,
na cire ɗaya don ta manta bakin.

Liman bai ɗago kai ba.
Haƙuri na ba ta, in ji shi, har sau uku.
Shi kuwa na ce zan kira shi bayan Juma'a.
Ya dubi tafin hannunsa.
Juma'a nawa ke nan?

Sai shafi na huɗu.
Tun daga nesa na gane shi,
rubutuna ne mai karkata hagu,
da shuɗin biron nan mai tsiyaya.
Ɗinki biyar a gira. Dalili: ta zame a bakin famfo.
Ita ta faɗa, ni na rubuta,
a watan da famfon layinsu ko ɗigo ba ya yi,
jaki ke kai musu ruwa a ganga.
Na sani. Ƙanwata a layin take aure.
Mijin na jikin labule riƙe da takalminta,
marasa lafiya sun yi layi har bakin titi,
ni kuma tun asuba ban karya ba.
Na ɗinke fata, na bar magana.
Da za ta fita ta gyara tobinta, ta ce:
Sista, ko akwai maganin barci?
Na ce babu.
Ban ce me ke hana ki ba.

Dakta Awad ya ce, to, me za mu sa a ƙasa?
Sajan ya ce kada a ƙara sulhu sai an ji ta ita kaɗai.
Liman ya ce huɗubarsa ta jibi ta maza ce.
Ni na ce a ba ni ƙofa.
Ta katako, mai sakata, a cire labulen nan,
da minti biyar da kowane miji zai yi a waje.
Wani ya murmusa.
Akawu ya rubuta: ƙofa, guda ɗaya.

Yau Alhamis, kafinta bai zo ba tukuna.
Da hantsi wata ta shigo, hannu naɗe da tsumma,
ta ce tukunya ce.
Na rubuta wa mijin maganin da na san
sai kantin bayan kasuwar hatsi,
na bi ƙeyarsa da ido har ya sha kwana.
Na jawo kujerata kusa da tata,
na ajiye biro.
Na ce: ƙanwata, tukunyar nan,
tun yaushe ta fara?